Falle Shida na Takardar Auta

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu da muka durƙusa gaban malami ɗaya sun ɓace mini. Amma abin da ya shiga tsakanina da ƙanena a kan falle shida na takarda, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Mabai, cikin ƙasar Ƙanƙara. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mu mu biyu da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Ni ne babba, ni na gaji alƙalaminsa. Ina kwafar littattafan addini, ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, wanda ya zo da damuwa kuma in rubuta masa hatimi a ɗinke masa laya. Ƙanena, wanda kowa ke kira Auta, shi rabon boko ya faɗa wa. Ya yi elementare a Ƙanƙara, ya ci jarrabawa, aka wuce da shi babbar makaranta a birnin Katsina.

A wancan zamani ina jin babu wanda ya fi ni sanin takarda a duk yankinmu. Ina da wata da nake saye wurin wani bafatake a kasuwar Sabuwa, mai kauri, mai santsi, in ka ɗaga ta a rana sai ka ga hoton jinjirin wata uku a jikinta. Tawada ba ta ratsa ta, ba ta kuma bazuwa a kanta. A gafaka nake ajiye ta, ba na taɓa ta sai da alwala. A ganina takarda iri biyu ce kawai a duniya: wannan, da kuma tarkace.

Wata shekara bayan an gama girbi Auta ya zo hutu. Ya rame ƙwarai, domin kurkunu ya kwantar da shi kusan wata biyu a makaranta, darasi ya wuce shi da yawa. Ya gaya mana cewa malaminsu na lissafi da kimiyya ya ba shi aikin hutu, ya kuma yanke masa magana: in ya kawo aikin cikakke safiyar ranar komawa, zai wuce aji na gaba tare da 'yan'uwansa. In bai kawo ba, sai ya naɗe tabarmarsa ya dawo gida. Inna ba ta so aka kai shi boko ba tun farko, amma tunda ya yi shekara tara a ciki, ba ta son a ce ɗanta ya dawo a kore.

Aikin nasa abin dariya ne a idona. Ya kafa sanda a tsakar gida, ya aro agogon aljihu wurin mai gari, kowane rabin awa sai ya durƙusa da rula ya auna inuwar sandar. Ya yanko roba daga tsohuwar tayar keke ya rataye a reshen dalbejiya, yana zura mata kwabo mai huji ɗaya bayan ɗaya yana duban yadda take miƙewa. Ya ɗaure dutse da igiya yana lilo da shi yana ƙirge. Duk abin da ya samu sai ya rubuta lamba da fensir a bayan wani tsohon littafi. Inna takan leƙo daga madafa ta ce, "Auta, wannan shi ne karatun? Yaran unguwa ma sun bar wasan lilo." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba.

Akwatinsa na ƙarfe a zaurena aka ajiye saboda gara. Wata ranar Talata, yana can bayan gari neman igiya mai tsawo, sai ga wasu makiyaya daga wajen Tafoki sun yi sallama. Ciwo ya shiga garkensu, sun rasa shanu biyar, suna son layu da yawa, wasu na wuyan shanu, wasu na binnewa a ƙofar shinge, kuma suna son komawa kafin rana ta yi sanyi. Wanda ya san hatimi ya san ba rubutun ne ke cin lokaci ba, jan gidajen ne. Na buɗe akwatin Auta ina neman reza in fere alƙalami, sai na ci karo da wani kwali, a cikinsa falle shida na wata irin takarda da ban taɓa gani ba.

Siririya ce, ba ta da wani kauri. Amma duk jikinta layuka ne shuɗi-shuɗi, a tsaye da a kwance, sun raba ta ƙananan gidaje kamar idon rariya. Bayan kowane gida goma kuma akwai layi mai kauri, sai manyan gidaje suka fito sarai, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Na ce a raina, ikon Allah, ashe Turawa har gidan hatimi suke bugawa da inji. Ga ta kuma da laushi, za ta naɗu ƙarama yadda baduku zai ji daɗin ɗinki.

Ban ɗauki abin sata ba ko kaɗan. Na yanka su, na cika gidajen, na naɗe, na ɗaure da zare, makiyaya suka tafi suna sa albarka. Sa'an nan na yi alwala, na buɗe gafaka, na ƙirgo falle shida na takardata mai wata uku, na jera masa a cikin kwalin. Har yau ina tuna daɗin da na ji a lokacin. Na ɗauke wa yaro tarkace na ba shi abin da ni kaina nake tsimi. Na yi shiru ban gaya masa ba, ina jiran ranar da zai buɗe ya zo yana godiya.

Ya buɗe saura kwana biyar ya koma. Ina zaune a zaure bayan hantsi sai na ga ya zazzage akwatin a ƙasa, yana kakkaɓe riguna ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, wani ya shiga akwatina?"

Na ce, "Mi ka gani?" ina ɓoye murmushi.

"Takarduna na awo. Falle shida. Babu ko ɗaya."

"Duba abin da ke wurinsu mana. Ɗaga ta a rana ka gani. Ko alƙalin Faskari bai rubutu a kan irin wannan."

Ya dube ni, ya dubi takardar. Ya tambaya a hankali, "Ina nawa suke, Yaya?"

Da na gaya masa, bai ɗaga murya ba. Ya zauna a ƙasa tsakiyar kayansa ya ce, "Watau aikina yana wuyan shanu a Tafoki." Ya yi wata 'yar dariya, daga nan ya kifa kai a gwiwa yana hawaye. Saurayi ne ɗan shekara goma sha bakwai, rabon da in ga hawayensa tun ranar da muka binne mahaifinmu.

Ni kuwa maimakon in ba da haƙuri sai raina ya ɓaci. Na ce takarda ai takarda ce, wadda na ba shi ta fi tasa sau goma, in malaminsa ya raina ta to bai san daraja ba. Inna ta ji hayaniya ta fito da muciya a hannu. Ta saurari kowa, sa'an nan ta juyo gare ni.

"Malam," ta ce, haka take kirana in za ta yi mini faɗa, "ka tambaye shi kafin ka ɗauka?"

"Inna, alheri na yi ma shi."

"Ban tambaye ka alheri ba. Ka tambaye shi?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce gobe in tashi in nemo masa irin tasa, ko a ina take.

Washegari da na sallame asuba na kama hanyar Ƙanƙara a ƙasa. Na zagaye masu tebur, babu wanda ya taɓa ganin irinta. Daga ƙarshe na nufi gidan malamin elementare da ya koyar da Auta, wani dattijo mai farin gemu da tabarau. Na yi masa bayani ina jin kunya. Ya yi dariya har da tari, amma ba dariyar wulakanci ba ce. Ya shiga ciki ya fito da takardu ya shimfiɗa su a kan tabarma.

Ya nuna ta farko, mai layi a kwance kawai. Ya ce wannan ta rubutun magana ce, don kada layi ya karkace. Ya nuna ta biyu, littafi mai manyan gidaje. Ya ce wannan ta lissafin yara ce, kowace lamba da gidanta, don goma ta zauna ƙarƙashin goma, ɗari ƙarƙashin ɗari. Ya ɗauki tawa mai wata uku da na zo masa da ita ya shafa ta da yatsa, ya ce, "Wannan kuwa, Malam, in da'ira za a zana da kamfas ko kusurwa, babu kamarta. Amma wadda ka yanka ba ta cikin ukun nan. Ita ba wurin rubutu ba ce. Ita kanta ma'auni ce."

Ban gane ba, sai ya ƙara mini bayani. Ya ce lambobin da Auta ke tarawa ba a bar su a lamba. Kowane awo ana mayar da shi ɗigo a kan takardar, a ƙirga gida kaza zuwa gefe, gida kaza zuwa sama, a ɗiga. In ɗigon sun taru aka haɗa su, sai siffar abin ta fito. Don haka dole gidajen su zama ƙanana, goma a cikin inci ɗaya, kuma kowanne daidai da kowanne. Ya ce shi ba shi da ita, ba a ba 'yan elementare. Sai Katsina, kuma kafin in je in dawo ranar ta wuce.

Na tashi zan tafi. Har na sa takalmi sai ya ce, "Amma fa ba bugun inji ake nema ba, daidaito ake nema. In akwai mai hannun da zai ja ta daidai, babu wanda zai tambayi wa ya buga."

Wannan magana ta dawo mini da girman kaina gaba ɗaya. Jan layi? Ni da na shekara goma sha biyar ina jan gidan hatimi? Ina isa gida na ɗauki falle ɗaya, na tsoma alƙalami a baƙar tawada, na ja ta da ido kamar yadda na saba. Kafin la'asar na cika ta. Na miƙa wa Auta ina jiran yabo karo na biyu.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗora rularsa a kai, ya matsar da ita, ya sake matsarwa. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ba za ta yi ba."

"Mi ke gare ta?"

"Nan gida tara ne a inci, nan goma sha ɗaya. Kuma tawadar ta yi baƙi, in na ɗiga fensir ba za a gan shi ba."

"Ɗan wannan bambancin da ido ma bai gani?"

Sai ya ce, "Yaya, in mai awon hatsi yana da mudu biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya, ido bai gani, mi sunansa?"

Maganar ta shige ni har ƙashi. Ni da nake yi wa mutane wa'azi a kan tauye mudu, ga shi na ƙera wa ƙanena mudun zamba ina so ya kai makaranta. Hatimi bai damu ba ko wani gida ya fi wani faɗi, muddin abin da ke ciki daidai ne. Wannan kuwa faɗin gidan shi ne gaskiyar maganar. A nan ne na ba shi haƙurin da ya kamata in ba shi tun jiya. Na ce, "Auta, na cuce ka. Nuna mini yadda ake yi, ni ɗalibinka ne."

Saura kwana uku da yini guda. Ya lissafa ya ga in ya matsa aikin falle huɗu za su ishe shi. Muka raba aiki. Shi yana ɗora rula a gefen takarda yana huda ƙananan alamu da allurar Inna, goma a kowane inci, a dukkan gefe huɗu. Ni kuma ina haɗa huda da huda. Baƙar tawada muka ajiye ta. Na ɗauko jar da nake sa wasali da ita, na yi ta ƙara mata ruwa har ta koma kamar ruwan zoɓo na wanki na uku. Na fere alƙalami siriri yadda ban taɓa ferewa ba. Layukan farko rula ta shafe su, tawada ta bi ƙarƙashinta ta ɓata mana rabin falle. Auta ya ciro kwabo biyu daga igiyar robarsa ya sa a ƙarƙashin rular, ta ɗan ɗaga daga takarda, shi ke nan ta daina shafa.

Daga fitowar rana har faɗuwarta muke durƙushe a ƙofar zaure inda haske ya fi, ba ma tashi sai salla. Kowane layi na goma in maimaita shi sau biyu don ya yi kauri. Auta na ƙirga mini da baki, ni ina salati a zuci don kada hannu ya yi rawa. Masu neman wasiƙa suka yi ta zuwa ina mayar da su. Wani tsoho maƙwabcinmu ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, wannan hatimin na wane irin aljani ne, gida ya fi dubu?" Inna ta amsa masa daga ciki, "Na aljanin ɗaukar kayan mutane ne, Baba." Kowa ya yi dariya, har ni.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne takardata ba ta ba ni kunya ba. Ruwan tawadar nan da zai jiƙa siririyar takarda ya kumbura ta, ita ta shanye shi ta zauna lafiya. Auta ya yi kuskure ya goge da roba sau uku a wuri ɗaya, ba ta huje ba.

Duk fallen da ya bushe sai ya ɗauka ya fara ɗiga awonsa. Ranar ƙarshe ya kira ni ya ce in zo in ga na inuwa. Ɗigo ne jere, ya haɗa su da fensir, layin ya gangaro daga sama, ya yi ƙasa, ya lanƙwasa kamar gindin ƙwarya, ya sake hawa. Ya sa yatsa a can ƙasan lanƙwasar ya ce, "Nan ne inuwa ta fi gajarta. Daga nan ta fara ƙaruwa."

Na ce, "Zawali ke nan."

"Shi ne, Yaya."

Na bi layin da ido har inda inuwa ta ƙaru da tsawon sandar, na ce, "Nan kuma la'asar ta shiga." Ya ƙirga gidaje ya ce haka ne. Abin da mahaifinmu ya koya mini ina yaro, yana tsayar da ni a rana yana auna inuwata da tafin ƙafa don in san lokacin salla, shi ne kwance a gabana a kan layukan da na ja da hannuna. Duk tsawon hutun nan ina yi wa yaron nan kallon mai wasa da sanda, ashe tafiyar rana yake rubutawa.

Na raka shi Ƙanƙara ya shiga mota, kwalin a ƙirjinsa cikin riga. Sati uku ba mu ji komai ba. Duk motar da aka ce ta tsaya a Ƙanƙara sai in shiga tsoron in ga ya shigo da akwati a kai. Inna ba ta ƙara yi mini maganar ba, wannan shirun nata kuwa ya fi mini faɗa ciwo.

Sai ga wasiƙar Auta ta hannun wani mai kai gyaɗa. Da ajami ya rubuto, don in karanta da kaina. Ya ce malaminsu ya juya takardun gaba da baya, ya ɗora rula a kansu ya daɗe yana aunawa, ya tambayi inda aka samo su. Da ya ji labari ya cire tabarau ya yi dariya. Ya gano wuri ɗaya a fallen roba inda muka tsallake layi, gida tara suka zauna a matsayin goma, ya rage masa maki a nan. Amma ya karɓi aikin. Auta ya wuce aji na gaba.

A cikin wasiƙar akwai wani abu a naɗe. Na warware, sai ga falle ɗaya na takardar nan mai shuɗin layi, sabuwa fil, bugun inji. A gefenta ya rubuta da fensir: "Yaya, wannan taka ce. Na ba ka da bakina."

Na karanta wa Inna, ta yi dariya har ta share ido da bakin zane. Fallen nan ban taɓa sa masa alƙalami ba. Yana cikin gafakata har yau, tsakanin takardu masu wata uku, ya yi ja saboda daɗewa.

Auta ya riga ni tafiya, Allah ya haskaka kabarinsa. Ni kuma abin da na tsira da shi daga wannan al'amari bai da yawa, amma ya ishe ni rayuwa. Na gane kyan abu ba a kaurinsa ko tsadarsa yake ba, yana ga aikin da aka yi shi dominsa, kuma mai aikin ne ya san wannan, ko da ƙaninka ne da ka goya. Tun daga ranar, duk alherin da zan yi wa mutum, kafin in miƙa hannu sai na fara tambayarsa abin da yake bukata.